Lalube a Linux kan 802.15.4: ta ina sakamakon yake isa ga manhaja?

mai_solda ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ina da Raspberry Pi 4 da rediyon AT86RF233 (na 802.15.4, ƙa'idar rediyon da Zigbee ke aiki a kanta) a kan SPI, kanel ɗin 6.6 ne, kuma intafes ɗin rediyon, wpan0, tana tashi lafiya. Manhajar da nake rubutawa da C da libnl tana aika NL802154_CMD_TRIGGER_SCAN, umarnin lalubo cibiyoyin da ke kusa, nau'in sauraro kawai. Kanel yana amsawa da sifili, wato ya karɓa, daga nan sai tsit. Ba labarin cibiya ko ɗaya, ba saƙon cewa an gama. Ga kuma kodinetan Zigbee, wato na'urar da ke jagorantar cibiyar, a tasha ta 15, bai fi mita 2 daga allon ba.

Ta wace hanya sakamakon yake fitowa? Akwai umarnin da zan tambayi kanel jerin abin da ya gano, kamar yadda ake yi da iw a Wi-Fi? Me kuma ya sa laluben ba ya ƙarewa?

baƙin_allo ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu na farko: a nan kanel ba ya ajiye jeri. A Wi-Fi akwai ma'ajiya da za ka zo daga baya ka ce a zazzage maka, amma a 802.15.4 kowane saƙon shela (beacon, wanda cibiya ke sanar da kanta da shi) da rediyo ya kama, nan take ake nannaɗe shi a cilla wa masu sauraro, a manta da shi. Wanda bai kasa kunne a lokacin ba ya yi asara.

Amsar sifilin da ka gani tana nufin an karɓi buƙatarka kurum. Sakamakon yana bi ta rukunin watsawa mai suna "scan" na iyalin "nl802154". Sai ka nemi lambar rukunin da genl_ctrl_resolve_grp, ka shiga da nl_socket_add_membership, kuma ka yi haka tun kafin ka aika umarnin lalube, ba bayansa ba. Ka kira nl_socket_disable_seq_check a kan soket ɗin, domin saƙonnin da kanel ke watsawa ba sa ɗauke da lambar jerin buƙatarka, libnl kuwa zai yi watsi da su idan ba ka kashe wannan binciken ba. Ya fi tsafta ka buɗe soket biyu, ɗaya na umarni, ɗaya na sauraro.

Abin da zai riƙa zuwa maka shi ne NL802154_CMD_SCAN_EVENT, a cikinsa akwai NL802154_ATTR_COORDINATOR wanda ƙunshi ne: lambar PAN (lambar shaidar cibiyar), adireshin mai shelar, tasha, shafi, bayanin superframe (tsarin rabon lokaci tsakanin shela da shela), ingancin sadarwa, da tutar GTS (izinin keɓe wa na'ura lokacin aikawa) idan an ɗaga ta. Ka kula da adireshin, tsawonsa ne ke gaya maka nau'insa, bayit 2 gajere, bayit 8 dogo. Kada ka karanta shi da nla_get_u16 kai tsaye ba tare da duba nla_len ba. Lambar PAN da adireshin suna zuwa yadda suke a iska, ƙaramin bayit a gaba. A ƙarshe NL802154_CMD_SCAN_DONE zai zo da dalili, ko an kammala ko an katse.

Batun rashin ƙarewa kuwa, ina kyautata zaton ba ka sa NL802154_ATTR_SCAN_DURATION ba. Wannan ba daƙiƙu ba ne, mataki ne daga 0 zuwa 14. Zaman da ake yi a kowace tasha shi ne alamomi (symbol) 960 sau (2 a ɗaga zuwa n, a ƙara 1), inda n shi ne matakin. A zangon 2.4 GHz kowace alama mikrosakan 16 ce, saboda haka 960 ɗin milisakan 15.36 ne. Mataki na 3 zai ba ka kusan milisakan 138 a tasha, na 5 kusan rabin daƙiƙa. Idan ba ka faɗi komai ba kanel yana ɗaukar 14, wato kusan daƙiƙa 252 a tasha guda. Tashoshi 16 ne daga 11 zuwa 26, ka ga sama da awa guda ke nan. Ba maƙalewa ya yi ba, yana kan aiki ne. Idan ka sake aika umarni a tsakiya za ka sha EBUSY, sai ka katse da NL802154_CMD_ABORT_SCAN tukuna.

Wani abin tuntuɓe: nl802154.h ba ya cikin fayilolin da kanel ke fitar wa masu rubuta manhaja, yana include/net ne. Ka kwafo na kanel ɗinka ko na wpan-tools. Kada kuma ka ruɗe da tsohon iyalin nan mai suna "802.15.4 MAC", shi ma yana da umarnin lalube amma ba shi ne wannan ba.

injiniya_rf ta rubuta:

Duk abin da Malam ya faɗa haka yake, sai dai ko ka gyara waɗannan, kodinetan Zigbee ɗinka ba zai bayyana ba. Dalilai biyu ne, na biyun ya fi ciwo.

Zigbee ba ya shela a kai a kai. Matakin shelarsa 15 ne, ma'ana sai an tambaya yake amsawa. Thread ma ba ya shelar lokaci-lokaci. Sauraro kawai, ko ka kwana a tashar, ba abin da za ka ji. Kana buƙatar lalube mai tambaya, inda kanel zai aika buƙatar shela, umarni mai lamba 0x07 zuwa adireshin kowa da kowa 0xFFFF, da zarar ya sauka a kowace tasha. Sauraro kawai ya shiga Linux a 6.3, mai tambaya a 6.5, duka aikin Miquel Raynal ne na Bootlin, don haka 6.6 ɗinka yana da su. A gwada da hannu:

iwpan dev wpan0 scan type active duration 3

Idan iwpan ya ce bai san scan ba, tsohon wpan-tools ne, 0.9 ba shi da shi.

Na biyu: buɗe net/mac802154/scan.c ka duba mac802154_process_beacon. Yana kwatanta tsawon abin da ya rage a saƙon da girman kan shela, bayit 4, wato 2 na superframe, 1 na GTS, 1 na adireshin da ke jira. Idan ba daidai suke ba, sai ya mayar da EINVAL, ba a aika wa manhaja komai. Shelar Zigbee PRO kuwa tana da ƙarin kaya na bayit 15 a bayanta, inda doguwar lambar PAN mai bayit 8 take. To kodinetan ya amsa, rediyonka ya ji, kanel ya zubar. Akwai sunan NL802154_COORD_PAYLOAD_DATA a nl802154.h, amma ba a cika shi. A ganina wannan ne babban giɓin da ke wurin, domin yawancin cibiyoyin da mutum zai ci karo da su a gida ko ofis Zigbee ne.

Don ka tabbatar da idonka, sa rediyo na biyu, kamar ATUSB, a tasha ta 15, ka buɗe masa intafes nau'in monitor, ka kalla da Wireshark. Za ka ga tambayar ta fita, ka ga amsar ta dawo. Idan gano Zigbee ne ainihin burinka, karanta shelar daga wannan intafes ɗin ta soket na AF_PACKET ka warware ta da kanka, ko ka gyara wancan sharaɗin a kanel ɗinka. Intafes ɗin monitor dai ba a yarda ta fara lalube da kanta ba.

Kafin duk wannan, ka raba matsalar manhaja da ta rediyo. Ɗora mac802154_hwsim, zai ba ka rediyon kwaikwayo biyu masu jin juna. A ɗayan ka goge intafes ɗin da ta zo da shi, ka ƙirƙiri sabuwa nau'in coordinator, ka ba ta pan_id da short_addr tun tana kwance, ka tashe ta, sannan:

iwpan dev coord0 beacons send interval 2

Idan ba kodineta ba ce, ko lambar PAN ɗinta tana 0xFFFF, za a ƙi. Sai ka lalubo daga ɗayan.

mai_solda ya rubuta:

Allah ya saka da alheri. Da hwsim saƙonni sun fara shigowa, SCAN_DONE ma yana zuwa. Amma kodineta ɗaya yana fitowa sau da yawa a lalube guda. Sannan a allon gaske, ping ta 6LoWPAN (IPv6 a kan 802.15.4) yana tsayawa cak muddin ana lalube. Kuskurena ne?

baƙin_allo ya rubuta:

Ba kuskurenka ba ne, Malam, duka biyun haka aka gina su. Tunda kanel ba ya ajiye komai, ba shi da abin da zai gane cewa ya riga ya ba ka wannan. Shela mai mataki 2 tana fita kusan kowane milisakan 77, idan ka zauna rabin daƙiƙa a tashar za ka ji ta sau 6 ko makamancin haka. Tacewa aikinka ne. Ka haɗa shafi, tasha, lambar PAN da adireshi su zama mabuɗi. Lambar PAN kaɗai ba ta isa ba, bit 16 ce, cibiyoyi biyu na iya yin karo, kuma a cibiya ɗaya na'urori da dama suna iya amsawa.

Maimaicin ma yana da amfani. Ingancin sadarwa lamba ce daga 0 zuwa 255, tana hawa da sauka daga saƙo zuwa saƙo, don haka matsakaicin biyar ko shida ya fi guda ɗaya gaskiya. Ba dBm ba ce, kuma kowane kamfani da yadda yake lissafa tasa, kada ka kwatanta 200 na AT86RF233 da 200 na MRF24J40.

Ping kuwa, rediyo ɗaya gare ka. Lokacin lalube ana tsayar da layin aikawa, ana barin tasharka, kuma duk saƙon da ba shela ba ana zubar da shi. In an gama ana mayar da kai tasharka ta asali. Maganin shi ne rage tsawon tafiyar: NL802154_ATTR_SCAN_CHANNELS bit 32 ne, kowane bit tasha guda. 0x07FFF800 shi ne 11 zuwa 26 gaba ɗaya, 0x8000 tasha ta 15 kaɗai, 0x2108000 kuma 15, 20 da 25. Uku a mataki na 3 ba su kai rabin daƙiƙa ba.

injiniya_rf ta rubuta:

Ƙari kaɗan kan bayanin superframe, tunda shi ne zai gaya maka ko ana karɓar baƙi. Bit 0 zuwa 3 matakin shela, 4 zuwa 7 matakin superframe, bit na 14 yana nuna mai shelar shi ne kodinetan PAN, na 15 kuma izinin shiga. 0xCFFF kodineta ne ƙofa a buɗe, 0x4FFF kodineta ne ƙofa a rufe. Umarnin shiga cibiyar kansa sai a 6.8 ya zo, ba ya cikin 6.6 ɗinka.

Kada ka yi aiki mai nauyi a cikin aikin da ke karɓar saƙon. Idan soket ya cika, kanel ba ya jiranka, za ka samu ENOBUFS kuma abin da ya ɓace ya ɓace, har da SCAN_DONE idan rabonsa ne. Ka faɗaɗa ma'ajiyar da nl_socket_set_buffer_size, ka kuma sa agogonka na kanka: zaman tasha sau yawan tashoshi, da ƙarin daƙiƙa 2. Idan ya cika ba ka ji an gama ba, aika ABORT_SCAN ka sake daga farko.