Masu zana leburorin dare, girmama su suke ko cin guminsu?

Ɗan Kwangila: Ni fa har yanzu ina kan bakana, masu zana leburori suna aikin dare cin guminsu kawai suke. Mutum na cikin rami yana haƙa cikin sanyi, kai kana sama da burushi kana yaba yadda hasken fitila ya sauka a gadon bayansa, gobe a rataye a falon mai kuɗi shi kuma ko sisi

Ɗalibar Zane: Haba yaya, ka taɓa ganin zanen da George Bellows, wani mai zane ɗan Amurka, ya yi a 1908? Ramin da aka haƙa ne don gina tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a New York. Ba wani ado a ciki wlh, rami baƙi ƙirin, ma'aikata can ƙasa sun kewaye wuta, gidaje a sama da fitilunsu. Kana kallo kana jin sanyin.

Ɗan Kwangila: Yauwa kin faɗa da bakinki, can ƙasa kamar tururuwa ko fuska babu. Ramin ya zana ba mutanen ba. Kuma wani zanensa na leburorin tashar jirgin ruwa, dala miliyan 25.5 gidan adana zane na Landan ya saye shi a 2014. Jikan wane lebura ya ga kwabo?

Mai Gadi: Ranka ya daɗe zancen kuɗi na yarda da kai, amma na fuska ka bar shi. Ni aikin dare nake, ƙarfe uku idan masu shara da masu gyaran kwalta suka wuce ta gabana ba fuska nake gani ba, inuwa ce da rigar nan mai walƙiya da tururin baki in ana sanyi, shi kenan. Wanda ya zana mu fes kamar hoton fasfo to da rana ya zo.

Injiniya: Kuma tashar Pennsylvania ɗin nan an buɗe ta 1910, an fara rushe ta 1963. Ginin da suka haƙa wa rami babu shi yanzu, zanen yana nan.

Ɗan Kwangila: Yana nan da sunan wa? Na Bellows. Faɗa min sunan lebura ɗaya a ramin nan.

Ɗalibar Zane: To Adolph Menzel na Jamus fa? Da ƙafarsa ya je masana'antar ƙarfe a 1872 ya yi ta zana su, ya gama zanen 1875, akwai fuskoki ɓaro-ɓaro, wasu na wanke jiki, wasu na cin abinci a lungu

Ɗan Kwangila: Mai banki ne ya fara mallakarsa ƙanwata 😂

Ɗalibar Zane: To wa kake so ya saya, su ma masu zanen iska za su ci?

Mai Gadi: Ku ci gaba, ni tara ta kusa, bari in nemo tocilata. Ƙanwata turo min na ramin nan in duba da kyau in gari ya yi tsit.