Za a fara yi wa mahaifiyata gashin sankara a mara: yaya za mu kare hanjinta?

Autar Inna:
Assalamu alaikum. An tabbatar wa mahaifiyata sankarar bakin mahaifa, kuma likitoci sun tsara za a yi mata gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, sau 25, kwana biyar a kowane mako, tare da ƙarin ruwan maganin sankara mai suna cisplatin sau ɗaya a mako. A ɗakin jira mun ga wata baiwar Allah da gudawa ta rame da ita har zaninta ba ya zama a ƙugu, kuma tun ranar Inna ta tsorata, ta daina cin ganye da wake, sai kunu kawai take sha. Shin akwai abin da za mu yi tun yanzu don hanjinta ya tsira?

Mai aikin na'urar gashi:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba Inna lafiya. Babban rigakafin yana kan gadon na'ura ne kafin ya zo kan kwanon abinci. Ƙaramin hanji yakan sauko ya kwanta a cikin mara, daidai inda hasken zai ratsa, amma idan mafitsara ta cika sai ta tura shi sama, ya kauce. Shi ya sa muke sa majiyyaciya ta yi fitsari, ta sha ruwan da aka auna mata, sannan ta jira kafin ta hau gado. Abin da ya fi damuna shi ne tsofaffin da kan ji kunyar cewa fitsari ya matse su, su zagaya a ɓoye, su dawo mana da mafitsara wayam. Ki riƙe mata gora ɗaya da agogo, domin yadda ta cika ranar hoton tsara gashin, haka ake so ta cika kullum. Ku kuma tambaya ko ana yin gashin da ake kira IMRT, wanda ke lanƙwasa hasken ya bi siffar ciwon. Binciken asibitin Tata Memorial na Mumbai a Indiya da aka wallafa a 2021, kan matan da aka yi wa tiyata kafin gashi, ya nuna yana rage lahanin da kan bayyana a hanji daga baya da kusan rabi.

Wata likita:
Zan tsaya kan abincin, domin kunu zalla zai karya ta kafin gashin ya kai rabi. Babu ƙwaƙƙwarar hujja cewa hana ganye da wake tun farko yana hana gudawa, saboda haka ta ci abincinta, da ƙwai da kifi da nama, kaɗan-kaɗan sau da yawa. Gudawar takan fara ne a mako na biyu ko na uku, kuma a lokacin ne za a rage yaji da maiƙo, a kuma lura da fura da nono, domin hanjin da gashi ya taɓa yakan kasa narkar da madara na ɗan lokaci. Ku nisanci filasko da duk wani jiƙon wankin ciki. Ku ajiye ƙunshin gishiri da sukari, ana zuba ɗaya a lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa. Loperamide yana tsayar da gudawar, amma likitanta ne zai ba da izini, kuma idan da jini, ko zazzaɓi ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, ko fitsari ya ragu, asibiti za ku nufa ko da tsakar dare ne, saboda cisplatin yana wahalar da ƙoda idan jiki ya bushe.

Mijin wadda ta warke:
Malama, kada ku yi kuskurena. Da gudawa ta kama maiɗakina, tausayi ya sa na ajiye ta a gida kwana huɗu, daga baya likita ya fahimtar da ni cewa ana son kammala gashin waje da na ciki (wanda ake sa na'urar a cikin jiki kusa da ciwon) cikin mako takwas, kuma kowane fashi dama ce ga ciwon. Bayan shekara guda ta ga jini a bayan-gida, muka ɗauka basir ne har muka sayi magani a kasuwa, ashe illar gashin ce a dubura, kuma sai da muka koma wurin likitocinta aka shawo kansa.