Neman Shawara: In Gyara Giyar Tsohuwar Marsandi ko In Sauya Ta?

Assalamu alaikum. Ina da Marsandi 230E ƙirar W123 ta 1983 wadda na gada daga mahaifina, giyarta otomatik ce mai hawa huɗu. Tun watanni uku da suka wuce, idan injin ya ɗauki zafi sai ta riƙa sulluɓewa tsakanin giya ta biyu da ta uku, injin na kuka amma motar ba ta ja, ribas kuma sai na jira kafin ya kama. Na sauya man giya da filta, an duba robar iskar da ke zuwa modileta (na'urar da ke daidaita ƙarfin shigar giya), ba a ga ɓuli ba. Man da aka juye ya yi baƙi, yana ƙaurin ƙuna, da ɗan gari a cikin farantin da ke riƙe mai a ƙasan giyar.

Wani makanike ya ce a kwance giyar a sa sabbin farantan kuloci da sil (robobin hana yoyon mai), wani kuma ya ce in sayi ta Beljiyam a ɗora. Zuciyata ta fi karkata ga gyara ta asalin, domin ta Beljiyam ɗin ma ta kwana biyu kuma ba a ganin cikinta, sai dai ina tsoron a kwance a kasa mayarwa daidai. Don Allah, wanda ya taɓa yin ɗayan biyun, wanne ya fi ƙarko, kuma me zan duba kafin in biya?