Wane ƙaramin kes (akwatin kwamfuta) ne zai ɗauki babban katin girafik?

Mai_Tambaya: Salamu alaikum. Ina son haɗa ƙaramar kwamfutar tebur mai ƙarfi da madabod (farantin da ake haɗa dukkan sassan kwamfuta a kai) ƙarami, samfurin Mini-ITX. Da me zan fara duba kes?

Injiniya_K: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka fara da katin girafik, mai sarrafa hoto: tsayinsa da kaurinsa, ramukan kati biyu yake ci a bayan kes ko uku. Kes ɗin Cooler Master NR200P, mai girman kimanin lita 18, yana ɗaukar kati har milimita 330. Fractal Terra bai kai lita 11 ba, katinsa yana tsayawa a milimita 322, kuma idan katin ya yi kauri, wurin mai sanyaya furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) ne zai matse. A irinsa sai gajeren mai sanyayawa kamar Noctua NH-L12S, mai tsayin milimita 70.

Mai_Waya: Kada a manta fawa, wato na'urar da ke ba kwamfuta wuta. Yawancin waɗannan kes ƙaramin fawa samfurin SFX suke karɓa, ba babba samfurin ATX ba. A ɗauki wanda ake cire wayoyinsa, domin tarin waya yana toshe iska. Wayar wutar sabbin katunan Nvidia kuma ba ta son lanƙwasa daf da bakinta, a bar mata sarari.

Injiniya_K: Gaskiya ne, malam. Sai wayar da ke haɗa kati da madabod a kes irin Terra. Idan ta tsarin haɗin kati na PCIe 3.0 ce, katin kuma na 4.0, allo zai iya zama baƙi ƙirin. A shiga BIOS, wato saitin madabod, a mayar da ramin katin zuwa Gen 3, wato PCIe 3.0. Murfin kes na gilashi kuwa ado ne kawai, mai huji-huji ya fi fitar da zafi.