"Naka sai naka, daɗin zama sai bare": har a kanti?

Ɗan Kwari: Salamu alaikum. Shekarata tara a shagon atamfa a Kantin Kwari. Ni ke buɗewa, ni ke rufewa, ni na san dilar da ta shigo da wadda ta fita. Bana Alhaji ya miƙa makulli da littafin bashi ga ɗansa da ya gama makaranta. Da na yi ƙorafi wajen wani dattijo a layinmu, sai ya ce min, "Naka sai naka, daɗin zama sai bare." Haƙuri yake ba ni, ko gori yake min?

Malam Na-Zariya: Wa alaikumus salam. Ba gori ba ne, ɗana. Maganar tana nufin ranar wuya ɗan'uwa ne ke tsayawa, bare kuwa abokin hira ne. Asalinta maganar zumunci ce, ba ta ciniki ba.

Uwar Biyu: Malam, a gafarce ni, ai rabin na biyu ma shaida ne a kan dangi. Me ya sa zama da bare ya fi daɗi? Don bare yana jin kunyarka. Ɗan gida ya ɗebi kuɗi a aljihun tebur, a ce yaro ne. Yaron shago ya yi kuskuren canji, a kira shi ɓarawo a gaban kwastoma.

Ɗan Kwari: Hajiya, kamar kina wurin. Da salla Alhaji ya ce a ba mu turmi bibbiyu, ɗan ya ce lissafi bai ba da haka ba.

Uwar Biyu: To ka ga, naka karin maganar daban ne: rijiya ta bayar, guga ya hana.

Bakano a Kumasi: Ni ban yarda laifin dangi ba ne. Alhassan Ɗantata ya rasu a 1955, gidan bai watse ba, har jikokinsa suna kasuwanci. Abin da ke cutar yaran shago shi ne komai a baki yake. Sallama a baki, albashi a baki. Ranar da maigida ya faɗi, magada su zauna rabon gado, mata su ɗauki tumuninsu, 'ya'ya su raba saura, yaron da ya yi shekara goma ba ya cikin lissafi.

Malam Na-Zariya: Nan kam ka taɓo wurin. Alhali bashi ake fara biya kafin gado, kuma wasiyya ga wanda ba magaji ba ta halatta har sulusin dukiya. Ayar bashi a Baƙara ta ce a rubuta. Mu ne muke ganin rubutu tsakanin maigida da yaronsa kamar rashin yarda.

Uwar Biyu: Gwamnati ma ba ta leƙa irin shagunan nan. Dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba.

Ɗan Kwari: To ni yanzu wa zan tunkara, Alhaji ko ɗan?

Bakano a Kumasi: Alhaji, tun yana da rai da lafiya. Ka tafi da dattijon nan da ya yi maka karin maganar, ya zama shaida.