Wace kalma za mu ba "royalist" a Hausa?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya na kawo tambaya kan kalmar royalist, sunan da Turawan Ingila ke kiran waɗanda suka tsaya bayan Sarki Charles na Ɗaya a yaƙin basasar da ya ɓarke tsakaninsa da majalisa a 1642. Na karanta amsoshinku duka, na gode. Kowace kalma na ɗauka, a jikin mutum ɗaya na gwada ta: Edward Hyde, lauyan da aka haifa a 1609.

Na zaɓe shi ne saboda da ya shiga majalisa a 1640, cikin masu sukar sarki yake, musamman kan harajin jiragen yaƙi da Charles ya ɗora wa jama'a ba da yardar majalisa ba. Sai da ya ga 'yan majalisar sun zarce, suna neman ƙwace ikon soja da rushe tsarin shugabancin cocin Ingila, sannan ya bi sarki zuwa York a 1642. Bayan an fille kan Charles a Janairun 1649, ya zauna da ɗan sarkin, Charles na Biyu, a gudun hijira har aka maido da sarauta a 1660, ya zama tamkar wazirin Charles na Biyu.

Mafi yawanku "bafade" kuka ce. Malamai, a nan ban bi ku ba. Bafade kowa ya san aikinsa, abin da sarki ke son ji shi yake faɗa. Hyde kuwa faɗa yake yi wa Charles na Biyu kan sakaci da kuma neman mata, kuma fadawan ne ma suka haɗa kai aka tsige shi a 1667, bayan 'yan Holan sun shigo kogin Medway sun ƙona jiragen Ingila. Ya tsere Faransa, ya rasu a Rouen a 1674. Kiran irin wannan mutum bafade zalunci ne.

"Ɗan sarauta" kuma jini yake nufi. Shi ba jinin gidan ba ne, ko da yake 'yarsa Anne ta auri James ƙanen sarki, jikokin Hyde biyu, Mary da Anne, suka hau gadon Ingila. "Mai son sarauta" a kunnen Bahaushe mai neman rawani ne. "Ɗan gani-kashe-nin sarki" ta yi zafi. Za ta iya hawa kan mahayan Yarima Rupert, kwamandan sojan dokin Charles na Ɗaya, ba kan lauyan da kullum doka da sulhu yake hanƙoro ba.

Inda na tsaya shi ne "ɗan kishin sarauta", a kan tsarin "ɗan kishin ƙasa". Jam'i 'yan kishin sarauta, mace 'yar kishin sarauta. Na ce sarauta, ban ce sarki ba, domin kujerar Hyde ya riƙe, ko da mai ita ya juya masa baya.

Wata malama ta ce tana jin ƙamshin kishiya a ciki. Malama, na ɗauki maganarki da nauyi, amma in an ce kishin addini ko kishin harshe, ba wanda hankalinsa ke zuwa can.

'Yan uwanmu na Nijar, ku da kuke fassara royaliste daga Faransanci, me kuke sawa? In kuna da wadda ta fi wannan, ku kawo kafin in miƙa rubutun da nake yi.