Me ya sa kuɗi kaɗai ba ya sayen F-35?

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum, masana. Akwai abin da ya ɗaure mini kai. Turkiyya tana cikin NATO tun 1952, kuma tana cikin ƙasashen da suka zuba kuɗi a aikin ƙera jirgin yaƙin Amurka samfurin F-35, amma a 2019 Amurka ta fitar da ita. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa ga kuɗi a hannu, har an amince a sayar mata da guda 50, sai maganar ta bi ruwa. Wai wane ne ke da wuƙa da nama, kamfani ko gwamnati? Kuma idan ƙasa ta biya ta karɓi jirginta, me ya rage a hannun mai sayarwa?

Malam Ɗanjuma:
Wa'alaikumus salam. Kamfanin Lockheed Martin ƙerawa kawai yake yi, ba shi da ikon sayar wa kowa. Cinikin tsakanin gwamnati da gwamnati ake yin sa. Ƙasar da ke so za ta fara rubuta takardar neman saye. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta auna ta fuskar siyasa, ma'aikatar tsaro kuma ta duba wace fasaha za a iya saki, wacce za a rage wa ƙarfi ko a cire.

Daga nan sai majalisar dokokin Amurka. Dokar sayar da makamai ta 1976 ta tilasta a sanar da ita: kwana 15 idan mai sayen yana NATO ko kuwa Japan ce, Koriya ta Kudu, Ostireliya, New Zealand ko Isra'ila, kwana 30 ga sauran. Majalisar ba ta taɓa yin nasarar soke ciniki da ƙuduri ba, domin shugaban ƙasa na iya hawa kujerar na ƙi, kamar yadda Trump ya yi a 2019 kan makaman Saudiyya. Inda ake kashe ciniki a zahiri shi ne kafin sanarwar. Shugabannin kwamitocin harkokin waje na majalisun biyu da manyan 'yan adawar da ke cikinsu, mutum huɗu ke nan, kowannensu na iya riƙe takardar wata da watanni. Haka aka riƙe cinikin jiragen yaƙin F-16 da Turkiyya ta nema, ba a saki ba sai a Janairun 2024 bayan ta amince Suwidin ta shiga NATO, kuma a rana guda aka sanar da F-35 har 40 ga Girka.

Jirgin yaƙin F-22 kuwa majalisa ta haramta sayar da shi ga kowa tun 1998. Japan ta nema, ba ta samu ba.

Injiniya Hauwa:
Malam Ɗanjuma ya gama da batun takardu. Tambayarka ta biyu ce ta fi nauyi, Baban Khalifa, don akalar tana nan a hannun mai sayarwa har tsawon rayuwar jirgin, shekara 30 zuwa 40.

Mu fara da kayan gyara. Na F-35 a rumbu ɗaya suke na dukkan masu jirgin, kuma mallakar gwamnatin Amurka ne har sai an ɗaura su a jikinsa. Injinsa, F135 na kamfanin Pratt & Whitney, ba a yi masa babban gyara sai a wasu cibiyoyi ƙalilan da aka amince da su. In aka tsayar da kaya, jirgi ba zai daina tashi a ranar ba. Makanikai za su fara kwance na wannan su ɗaura wa wancan, adadin masu tashi yana raguwa wata bayan wata. Iran ta ɗanɗana wannan: ta karɓi jiragen F-14 guda 79 daga Amurka a zamanin sarkinta, Shah, bayan juyin juya halin 1979 aka yanke mata kaya. Da Amurka ta daina amfani da nata a 2006, daddatsa mafi yawansu ta yi don kada kayansu su bi ta bayan fage su isa Tehran.

Sai abin da ba a gani da ido, wato manhaja. Jirgin yana gane abokin gaba ne da kundin bayanan da ake loda masa: irin siginar kowace rada, kowane makami mai linzami, kowane jirgi da ke yankin. A sansanin Eglin da ke Florida ake haɗa wannan kundi. In ya tsufa, na'urorin za su ji sigina amma su kasa cewa ta mene ce, matuƙi ya rasa ko barazana ce ko a'a. Shi ya sa zancen wani ɓoyayyen maɓalli da za a danna jirgi ya mutu bai dame ni ba. Babu hujjar akwai shi, kuma ba a ma buƙatarsa. Isra'ila ce ta samu sassaucin ɗora na'urorinta a kan nata samfurin, F-35I.

Akwai kuma makaman da ake rataya masa. Masar na da F-16 fiye da 200, amma shekara da shekaru ba a ba ta AMRAAM ba, wato makami mai linzami na harbo jirgi da ke iya bin abokin gaba da kansa, sai tsohon samfurin Sparrow, wanda dole matuƙi ya ci gaba da haska abokin gaba da rada har makamin ya isa. Sannan ba ka da ikon sayarwa ko kyautarwa sai da izini. Cinikin F-16 tsakanin Isra'ila da Kuroshiya ya rushe a farkon 2019 saboda Amurka ta ce sai an cire na'urorin da Isra'ila ta ƙara. Holan da Denmark ma sai da suka jira amincewar Washington a Agustan 2023 kafin su ba Yukiren nasu.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara basira, Injiniya. To me zai hana ƙasa ta juya Turai kawai?

Abu Sadiq:
Ana juyawa, ɗan'uwa, amma can ma da igiya. Eurofighter na ƙasashe huɗu ne, Birtaniya, Jamus, Italiya da Sifaniya, kuma ɗaya na iya tsayar da ciniki. Jamus ta toshe ƙarin jirage ga Saudiyya bayan kisan Jamal Khashoggi a 2018, ba ta janye ba sai Janairun 2024. Gripen na Suwidin injinsa asalin Amurka ne, don haka sai da yardarta. Har kujerar da ke cilla matuƙi waje tana hana ciniki: Birtaniya ta hana Ajantina FA-50 na Koriya ta Kudu a 2020 saboda kayanta da ke ciki, sakamakon yaƙin Falkland da ƙasashen biyu, Birtaniya da Ajantina, suka gwabza a 1982. Rafale ya fi kowa 'yanci don Faransa ce ke ƙera injinsa da radarsa, shi ya sa Daular Larabawa ta sayi 80 a Disambar 2021, watan da ta dakatar da maganar F-35. Abin da ya kawo cikas ɗin shi ne sharuɗɗan amfani da jirgin, da damuwar Amurka kan kayan kamfanin sadarwar China, Huawei, a ƙasar, ga kuma dokar 2008 da ta wajabta kare fifikon ƙarfin sojan Isra'ila a yankin.

Injiniya Hauwa:
Abu Sadiq ya yi daidai. Bari in ƙara kan Turkiyya, don wasu na ɗauka fushi ne kawai. Akwai dalili na fasaha. F-35 yakan tashi a lokacin zaman lafiya da wasu ƙananan na'urori a jikinsa masu ƙara girmansa a rada, don a ɓoye ainihin yadda yake bayyana. In radar S-400, wato na'urar kakkaɓo jiragen sama da Turkiyya ta saya daga Rasha, tana kallonsa kullum, ta gaba, ta gefe, ta baya, za ta tara bayanan da za su nuna daga wane nisa ake iya kama shi, kuma Amurka na tsoron bayanan su isa hannun Rasha. Kason farko na S-400 ya sauka Ankara a Yulin 2019, cikin mako guda aka fitar da Turkiyya. Jiragen da aka riga aka ƙera da sunanta ba su taɓa barin Amurka ba, kuma sassa kusan 900 da masana'antunta ke yi sai da aka nemo musu wasu maƙera, aikin da ya ɗauki shekaru.